Faifan da Ba Ya Taɓa Komai

Ranar Litinin Hajiya Uwani ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Injin casar shinkafarta da ke hanyar Sunkani yana ta kuka, amma ba ya casa. Ta ce aikin Job ne, makanikenta na shekara goma sha biyu, kuma yau zai bar mata wurin.

Sufeto Hammanjoda, wanda ya faɗi jarrabawar kimiyya sau biyu a sakandare, ya leƙa cikin injin da fuskar masani.

"Yallaɓai, cire agogonka," in ji Job.

Ya makara. Agogon ya tsaya cak.

Job ya nuna masa fayafai biyu suna fuskantar juna, da tazarar da ba ta kai yatsa ba. "Wannan maganaɗisu ne. Wancan jan ƙarfe, shi motar injin ke juyawa. In ya juya gaban maganaɗisun, wutar lantarki na kewayawa a cikinsa kamar ruwa a bakin magudana, sai ya janyo ɗan'uwansa."

"Ba su taɓa juna?"

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya ƙwanƙwasa jan faifan. Katako ne, an shafa masa fenti. Wanda ya san abin da Job ya sani ba zai sa katako ba.

Ya sa aka kira Suhail mai kula da sito.

"Ka taɓa shiga ɗakin injin?"

"Ni? Hanyarsa ma ban sani ba, yallaɓai."

"Madalla. Ƙarfe nawa yanzu? Agogona ya mutu."

Suhail ya dubi hannunsa, ya yi saurin laluben waya.

"A'a, na hannunka nake so."

Agogon Suhail ma ya tsaya cak, a kan biyu saura kwata, lokacin da kowa ke masallacin Juma'a.

Suhail ya zauna a kan buhu. "Na gwada faifan jan ƙarfen da maganaɗisu, bai kama ba. Kuma ba ya taɓa komai. Na ɗauka ado ne Turawa suka sa." Ya ce faifan yana wurin wani mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a bayan Kasuwar Jalingo.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tasa shi gaba zuwa mota.

Hajiya ta gyara mayafi ba tare da ta dubi Job ba. "To, yaushe injin zai tashi?"

"In faifan ya dawo, Hajiya."

Sufeto ya miƙa masa agogonsa. "Wannan fa?"

"Shi kam ya tafi, yallaɓai."