Hannun Lamba Bakwai

A taron masu binciken ƙwaƙwalwa na jami'a ta fara ganinsa. Tana tsaye a bayan teburinta, gabanta ɗan faifan ƙarfe da ke ɗumama a hankali, mutum ya ɗora tafinsa, in ya ji zafi ya janye. Shi kuwa lasifika ya zo gyarawa, ya dafa faifan yana laluben soket. Ma'aunin zafin ya haura hamsin bai ko motsa ba. Ita ta fizge hannun.

Ya yi murmushi, ya ce haka aka haife shi, ƙuna sai dai ya gan ta da ido.

Shekara uku tana neman irinsa. Ya shiga bincikenta a matsayin Lamba Bakwai, sunan ya bi shi. Duk Laraba sai ta duba tafinsa kafin gwaji, har ta lura dubawar tana daɗa tsawo.

"Likitata," ya rubuto mata wata rana, "yau dutsen guga ya kira ni, na tuna faɗanki na ƙi zuwa. Maki nawa na ci?"

Ta karanta ya fi sau goma.

Sai dai dokar aikinsu ta hana mai bincike soyayya da wanda take gwaji a kansa. Farfesan da ke duba aikin digirinta ya faɗa mata ba kwana-kwana: ko ta haƙura da shi, ko ta miƙa fayil ɗinsa ga abokin karatunta da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa, ta ƙara shekara guda a karatun.

Abbanta ya ce bai ga mai gyaran lasifikar da ya kai a yi asarar shekara dominsa ba.

Da labari ya iske Lamba Bakwai, ya rubuto: "Riƙe karatunki, ƙalbina. Zan jure."

"Ni ba zan iya ba," ta mayar masa.

Washegari ta miƙa fayil ɗin. Da ta koma gida Abba ya tambaye ta:

"Da kin yi shiru kin haɗa biyun, wa zai sani?"

"Ni, Abba."

Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce ta gaya wa yaron ya turo manyansa.

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure, digiri na nan yana jira. Abba ya haɗa hannuwansu, ya ce: "Allah Ya yi muku albarka. Kai kuma, ka riƙe mini ita da irin gaskiyarta."