Goran Ɗakin Shirgi

"Inna, ɗakin shirgin can, ko in gyara shi?"

Yewande ce ta yi tambayar, tana durƙushe gaban surukarta, hannuwanta duk farar ƙasa. Wata uku ke nan da kawo ta Argungu daga Birnin Kebbi, inda aka haife ta a gidan Alhaji Folorunsho mai shagon kayan roba. Hausa a bakinta kamar ta kowa, sunan ne kaɗai ke nuna asalinta. Mijinta Abdulƙudus ya tafi Augie sarin albasa, zai yi mako biyu, ita kuwa ta ƙudura a ranta sai ya dawo ya kasa gane gidansu.

Inna Luba ta ɗago daga tsintar shinkafa, ta yi murmushi.

"Gidanki na, ɗiyata. Yi abin da kika ga dama."

Ai kuwa ta yi! Ta shafe bango da farar ƙasa, ta wanke labulaye, ta shanya tabarmi a rana. Ta ɓalle tagar baya da aka daɗe da kafewa da ƙusa, iskar gulbi ta shigo har uwar ɗaki. Ta matsar da gado, ta sa turaren wuta, gida ya ɗauki ƙamshi.

Ranar da Inna ta tafi suna Gulma, Yewande ta shiga ɗakin shirgi. Can a jikin azara ta hango wani ƙaton gora a rataye, ya yi baƙi ƙirin, yanar gizo ta lulluɓe shi. Nan take ta tuna wani bidiyo da ta gani a waya, inda wata mata ke shuka fulawa cikin tsofaffin bokitai. Ta aro zarto wurin kafintan maƙwabta, ta raba goran gida biyu, ta huda gindin kowane, ta cika da ƙasa da taki. Ɗaya ta dasa jar fulawa, ɗaya na'ana'a, ta jera su dama da hagu a bakin ƙofar falo.

Bayan la'asar Inna ta yi sallama.

"Inna, sofrayis! Kin ga abin da na samo cikin shirgi?"

Tsohuwar ta tsaya cak. Ta dubi na dama, ta dubi na hagu, ta daɗe tana kallo, har ƙullin goron da ke hannunta ya faɗi ba ta sani ba.

"Madalla," ta ce a hankali, ta shige ɗakinta.

Tun daga ranar gidan ya canza. Inna ta daina zama tsakar gida. In za ta alwala sai ta kewaya ta bayan rumbu. In an kai mata tuwo, loma biyu ta ture kwano.

"Inna, ko yaji ya yi yawa?"

"A'a, ɗiyata."

"To, na yi wani laifi ne?"

"Ba komi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Allah Sarki! Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta rage yaji har miya ta zama salam. Ta ce ko farin bangon ne ke ɗaukar wa tsohuwa ido, ta sayo shuɗi ta sake shafe shi. Ta ce ko sanyin taga ne, ta rufe ta. Ta ce ko turaren ne, ta daina. Abu ɗaya ne ba ta taɓa zargi ba, shi ne fulawar nan. Kullum safe ma sai ta ba ta ruwa, tana cewa a ranta ko wannan kaɗai ya isa ya faranta ran Inna.

Ranar Talata Abdulƙudus ya dawo. Tun daga zaure yake kiran, "Wande! Amaryata, ina kike?" Ta fito da gudu, ta karɓi jakarsa. Ya dubi bango ya yi dariya.

"Kai! Ko na ɓata hanya ne? Gidan wa na shigo?"

Sai idonsa ya sauka bakin ƙofa. Dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Cikin shirgi na gani. Na tambayi Inna, ta ce gidana ne. Bai yi kyau ba?"

Ya waiga ɗakin mahaifiyarsa.

"Ya yi," in ji shi.

Abincin da ta wuni tana girkawa, a zaure ya ci shi shi kaɗai.

"Filis, ka gaya mini abin da na yi," ta ce da safe, hawaye na zuba. "Kai ne ka yi shekara biyu kana sintiri shagon Babana kana sayen bokitin da ba ka buƙata. Yau kuma kallona ma ba ka iya yi?"

"Wande, ki bari kawai. Abin da ya faru ya riga ya faru."

"Me ya faru?"

Ya sa hularsa ya fita.

Ta ɗauki waya ta kira mahaifiyarta, Mami Morayo, wadda tun farko ba ta so auren ba.

"Ban faɗa miki ba?" Mami ta ɗaga murya. "Na ce mutanen bakin gulbi ba za su taɓa ɗaukarki tasu ba! Kin goge musu gida, sun saka miki da gaba. Ki haɗa kayanki, ranar Juma'a ina nan zuwa da mota!"

"Mami, ina son mijina..."

"Shi yana sonki ne yake cin abinci a zaure?"

Yewande ta ajiye waya, ta jawo akwati, ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Ɗayyaba, ƙanwar Abdulƙudus da ke aure a Gulma, ta shigo da tsokanarta kamar kullum.

"Ina matarmu 'yar birni? An ce kin mai da gidanmu otal, na zo in kama ɗaki..." Sai idonta ya kai bakin ƙofar falo. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Goran Baba! Wa ya yanka goran Baba?"

"Goran wa?"

"Ke, Yewande! Ba wanda ya gaya miki?"

Ɗayyaba ta ja ta cikin ɗaki ta zaunar. Ta ce marigayi Malam Ɗanmusa, mahaifinsu, shekara talatin yana su da goran nan. A kansa yake kwanciya ya ratsa ruwa, a cikinsa yake zuba kifin da ya kama. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ruwa ya ja shi, kowa ya fid da rai, Inna na da cikin Abdulƙudus. Goran nan ya rungume har aka tsamo shi da rai. Da ya rasu, Inna ta rataye shi can, ba ta iya kallonsa, ba ta iya rabuwa da shi.

"To, don me ba ta ce mini komai ba? Sau nawa na tambaye ta!"

"Wa zai faɗa? Yaya ɗan fari ne. Kin taɓa jin Inna ta kama sunansa? Matar ɗan fari kuwa, ko gidan kika rushe ba za ta buɗe baki ba, kunya ba ta barinta. Shi kuma ya ga Inna ta yi shiru, ya rasa bayan wa zai bi."

Yewande ta fashe da kuka. Kwana tara tana ba goran ruwa a gaban idon tsohuwa!

Ba ta tsaya dogon kuka ba. Ta juye shukokin cikin tsofaffin bokitai, ta wanke ɓarin goran biyu tas. Ɗayyaba ta raka ta wurin wata tsohuwa mai ɗinkin ƙwarya a bayan kasuwa. Matar ta juya su ta girgiza kai.

"Shiga ruwa kam ya gama. Amma zai haɗu."

Ranar Juma'a da hantsi motar Mami ta tsaya ƙofar gida. Ta shigo ko gaisuwar kirki babu.

"Ina akwatin?"

"Mami, ki ba ni minti biyar."

Yewande ta je ta durƙusa ƙofar Inna. "Inna, don Allah ki zo falo." Abdulƙudus ma ya taso daga zaure.

Ga goran nan a bangon falo, an shafe shi da man gyaɗa yana ƙyalli, ɗinkin ya zagaye cikinsa kamar ɗamara.

"Inna, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

Inna Luba ta taka a hankali. Ta ɗora tafinta kan goran, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Hawaye suka gangaro mata.

"Tashi, ɗiyata. Kin tambaye ni, ni na ce gidanki na. Laifin bakina ne da ya ƙi buɗewa." Ta share ido. "Shekara goma sha ɗaya na bar mai gidan nan cikin duhu da gizo-gizo. Ke kika fito da shi haske."

Mami ta dubi wannan ta dubi wancan. "Wai duk a kan ƙwarya ake wannan?"

Ɗayyaba ta ba ta labari a gurguje. Mami ta sake duban goran. Ita ma akwai tsohuwar hular mahaifinta a ƙasan akwatinta, wadda ba mai taɓawa. Sai ga ta ta rusuna tana gaida Inna yadda ya kamata.

Abdulƙudus ya matso kusa da matarsa, kansa a ƙasa. "Sori, Wande. Da na yi magana tun ranar Talata."

"Ka ci gaba da cin abinci a zaure," ta ce tana share hawaye, murmushi na ƙwace mata.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma, ta damƙa wa Yewande. 'Ya'yan duma ne, irin na Gulma, wanda daga shi aka sami goran.

"Tunda hannunki na son shuka, sa wanga gindin bango in ruwa ya sauka."

Mami ta koma Birnin Kebbi da buhun shinkafa da busasshen kifi, ba akwati. Da damina ta yi nisa, duma ya haye bango ya rufe rumfa, tsakar gida ta yi inuwa mai sanyi. A nan Inna ke zama yanzu tana tsintar shinkafa, tana ƙirga 'yan gorunan da ke reto bisa kanta.

'Yan mata, gyaran gida abu ne mai kyau, kuma ba sai da kaya masu tsada ba. Amma duk tsohon abin da kuka tarar a gidan miji, ku tambayi labarinsa kafin ku sa masa hannu. Ku kuma iyaye, kunya ado ce, sai dai in yarinya ta yi kuskure a faɗa mata da baki, kada a bar ta tana lalube. Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.