Fiyanon da Ya Yi Shiru

Ga ta nan, ku matso. Ta zo, Kaka, kunnenmu na gare ki.

A Vienna aka yi ta, a unguwarmu, zamanin keken doki. Wata safiya mai gyara ya buɗe fiyano, wato babban akwatin kiɗa mai wayoyi a ciki, na Alois Prantner, tsohon da ya tsara kiɗan da ake yi a babban coci, ya tarar an datse wayoyin kaf. Tsoho ya dafe kai. Ranar Lahadi zai gwada sabon kiɗa gaban limaman cocin, ga magana na yawo cewa za su ba wani yaro kujerarsa.

Aka kira ɗan sanda, Kilian. Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya shafa bakin wayoyin, tsatsa ta ɓata masa yatsa.

"Maigida, yaushe rabonka da kiɗa?"

Tsoho ya ƙura wa bakinsa ido. "Jiya ma na kaɗa."

Kilian ya fara da yaron da ke harin kujerar. Ashe ko layin gidan tsohon bai sani ba. Ya sauka wurin Wenzel mai burodi da ke ƙasan benen, wanda ya sha rantsuwa sai ya ƙona fiyanon.

"Ni? Haba, yallaɓai! In hau matakalar nan da wannan tumbin? Ai tun lokacin faɗuwar ganye, watannin baya, Allah ya raba ni da hayaniyarsa. Shiru kake ji."

Kilian ya koma sama, ya tsaya bayan tsohon ya kira sunansa da ƙarfi. Ko gezau. Matar tsohon, Walburga, ita ce ta saki kofin da ke hannunta.

"Uwargida," in ji Kilian, "wayar da aka yanke jiya ba ta tsatsa. Mijinki ya yi wata da watanni yana danna katako, bai sani ba, don ba ya ji. Ke kuwa kina ji, kuma ba ki ce uffan ba."

Ta zauna. "Ya ɗauka ya ɓoye kurumtar. Ɗana, da ka ji abin da yake kaɗawa! Yara na kwaikwayonsa a ƙarƙashin taga. Na ce gara su ji shiru, sai na datse wayoyin."

Ba su lura ba, 'ya'yana, tsohon ya juyo yana karanta leɓɓanta.

"Burgi," ya ce mata a hankali, "har ya kai haka muni?"

Ya rufe fiyanon da kansa.

Ba a kama kowa ba, don Alois ya ƙi kai ƙara. Yaron ya hau kujera. Wenzel ya ci gaba da gasa burodinsa. Kilian har ya tsufa yana cewa da ma bai hau matakalar ba. Alois bai ga bazara ba. Walburga ta rayu bayansa a ɗakin, ita da fiyanon, ba ta taɓa bari an gyara shi ba.