Ranar da Babura Suka Yi Shiru

'Yata Moeroa tana share ganyen da ya zuba a kan kabarin yayanta ne ranar da Apii ya fara ganinta. Kabarin yana gaban gidanmu a ƙauyen Titikaveka na tsibirinmu, tsakanin baranda da titi. Nan muka binne ɗana Nooroa bayan babur ya kayar da shi. Ina kicin ina goga kwakwa na ji ƙarar mashin ta shigo tsakar gida, na saki komai na fito da gudu. Sai da na ga baƙuwar fuska na tuna Nooroa ba zai dawo ba.

Saurayin ya cire hular kwano, ya tsaya kallon 'yata har ya manta gaisuwa.

"Tsintsiyar ka zo saya?" in ji Moeroa.

"A'a. Ni ne Apii, garejinmu ɗaya da Nooroa."

"To kashe abin nan kafin Papa ya fito."

Ya makara. Mijina, Papa Tutai, ya riga ya tsaya a ƙofa. Apii ya faɗi abin da ya kawo shi. Shekara ta kusa cika, za a yaye zannuwan da aka lulluɓe dutsen kabari da su, kuma abokan Nooroa suna so su zagaye tsibirin a kan babura a ranar, yadda yake jan su kowace Asabar.

"Abin da ya kashe mini ɗa za ku kawo masa?" in ji Papa. "Fita."

Ya fita. Amma washegari saƙo ya shigo wayar Moeroa: "Ki yi haƙuri da jiya. Ba mu san inda yake tsayawa ba in ba ma tare. An ce ke yake goyawa."

Ta amsa: "Ka fara wanke hannunka, Baƙin Mai, sannan mu yi magana."

Haka sunan ya bi shi. In ta tashi daga gidan burodin da take aiki a garin Avarua, sai ita da Apii su zauna a bakin tashar jiragen ruwa, tana zana masa hanya a kan yashi. Ta ce a bar teku a hannun hagu, don haka Nooroa yake bi. Ta nuna masa wurin tsohuwa mai soya fanke, da dutsen da yake tsalle ya faɗa ruwa. Tun rasuwar, ba ta sami wanda za ta yi hirar yayanta da shi ba. A gidanmu ba a kiran sunan, sai ƙarar cokali.

"Furena," ya ce mata wata rana, "in an gama zagayen nan, da wane dalili zan riƙa ganinki?"

"Nemo wani. Ba kai ne mai gyara ba?"

Ana haka Kotai, ɗan dattijon cocinmu, ya sauka daga birnin Auckland na ƙetaren teku, ya yi hayar mota mai sheƙi. Papa ya ga suruki. "A can ba za ta hau babur ba," ya ce mini. Sauran 'ya'yana duk suna can, ɗakunansu a rufe. Moeroa kaɗai ta rage mini.

Ranar Lahadi Apii ya hango ta tana fitowa daga motar Kotai da fure a kunnen hagu, alamar an yi kamu. Ya ɗauke ƙafa. Ita kuma ta daina cin abinci. Daga baya ya rubuto: "Na ga furen. Allah ya sanya alheri."

Tana kuka tana dariya ta amsa: "Wawa. Tun Laraba furen yake hagu, Kotai kuwa Juma'a ya sauka. Papa ne ya ce ya rage mana hanya."

Wannan ya warware, na Papa ya rage. Ya ce in zagayen ya biyo ta ƙofarsa, kada Apii ya sake taka gidan. Moeroa ta ce ba ta aure ba da albarkar mahaifinta ba, kuma ba ta iya zama tsibiri ɗaya da Apii tana gaishe shi kamar baƙo. Gara ta tafi wurin yayarta a Auckland. Har ta sauko da akwati.

Abokan suka ce a ratse ta tsohuwar hanyar ciki, a kauce wa gidan. Apii ya ƙi. "Zagayen Nooroa, a kauce wa Nooroa?" Ya rubuta mata: "Na ga fuskar Mama ranar da na shigo da mashin. Ba zan sake sa ta gudu ba. Ki yarda da ni, Furena."

Ranar ta zo. Fasto ya yi addu'a, dangi suna yaye zannuwa ɗaya bayan ɗaya, ana waƙa. Sai muka jiyo baburan daga wajen ƙauyen Muri, kamar ruwan sama yana tahowa. Papa ya cije leɓe. Moeroa ta damƙe hannuna. Ƙarar tana ƙaruwa, tana ƙaruwa, sai ta ɗauke.

Ba abin da ake ji sai igiyar ruwa.

Can suka bayyana a ƙafa, kowa yana tura babur ɗinsa cikin rana, gumi yana zuba, hular kwano a rataye a hannu. Apii ne a gaba. Duk wanda ya iso sai ya cire sarƙar furen wuyansa ya ɗora a kan kabarin, ya wuce.

Papa ya daɗe a tsaye. Sai ya shiga ɗaki, ya fito da hular kwanon Nooroa, wadda ba wanda ya taɓa tun ranar. Ya sa wa Moeroa, ya ɗaure mata igiyar da kansa.

"Kai, Baƙin Mai," ya ce. Ashe ya san sunan. "Ba za ku bar mini ɗa a rabin hanya ba. Ka tura har ka wuce coci kafin ka tayar. Kuma ka dawo mini da ita."

"In na dawo da ita, Papa, in turo manyana?"

"Turo su. A ƙafa."

Ranar na fara jin dariya a gidan nan tun rasuwar. Kotai ma ya yi, ya koma Auckland shi kaɗai.

A cocinmu aka ɗaura auren Apii da Moeroa. Da aka zo shimfiɗa wa ango da amarya zannuwan gado na ɗinkin hannu, na kawo wanda na fara ɗinka wa Nooroa don aurensa. Na ƙarasa shi, na yafa musu su biyu. Allah ya zaunar da su lafiya, ya tsare musu hanya.

Yanzu suna ɗaya gefen tsibirin, gidan ya ƙara girma. Da yamma nakan zauna a baranda kusa da ɗana, babura suna wucewa, ba na ɗaga kai. Amma in na ji inji ya mutu tun daga nesa, sannan na ji taya tana murza tsakuwa a hankali, sai in tashi in ɗora ruwan shayi.