Mutumin da Ya Yi Jinyar Asuwaki

A wani gari an yi wani mutum mai tausayin tsiya. Wata rana yana goge baki, sai ya ga jini a jikin asuwakinsa.

Ya ce, "Wayyo, na ji maka ciwo!" Ya naɗe shi da tsumma, ya daina goge baki.

Kullum sai ya ce, "Sannu, asuwaki." Dasashinsa kuwa sai kumbura yake yi. "Sannu, asuwaki." Bakinsa sai wari yake yi, har akuyarsa ta bar gidan.

Da tsire ya gagare shi taunawa, sai ya goya asuwakin zuwa wurin likitan haƙori.

"Likita, a taimaki bawan Allahn nan!"

Likita ya toshe hanci ya ce, "Shi kam na sallame shi, ya koma aiki safe da dare. Malam, kai hau gadon."