Fuskar da Nake Gudu da Ita

"Ki cire ni daga ranki, Barewa. Aikin da ya rage mana ke nan."

A ɗan ofishinsa na bayan filin tsere ya faɗa min haka, Yayana na zaune bakin ƙofa yana gadinmu. Ban san lokacin da takalmin gudu ya suɓuce daga hannuna ba.

Ni 'yar tsere ce. Allah ya ba ni ƙafa, zuciya ce babu. Da an ce mu durƙusa a layi sai in rikice, ko in zabura kafin a harba bindiga a kore ni, ko in makara. Sai ƙungiyarmu ta ɗauko shi ya horar da tunaninmu. 'Yan mata suka laƙa masa Malam Numfashi, don kullum zancensa ke nan: ja, riƙe, saki.

Shi ya koya min in rufe ido in yi tseren a raina tun kafin ƙafata ta taka fili. Ya ce kowacce ta zaɓi hoto guda mai kwantar mata da hankali, ta riƙa kiransa a bakin layi, amma ya zama abin da ba mai iya ƙwace mata. Wata ta zaɓi ruwan sama, wata tafin hannun kakarta.

Ni uwar wayo na zaɓi fuskarsa.

Ya kuwa yi aiki, na shiga cin tsere ba ji ba gani. Ranar da na gaya masa sirrin bai yi dariya ba, ya ce shi ma ya jima da kamuwa da sona.

Wadda na ƙwace wa matsayi a ƙungiya ce ta je har gida ta shaida wa Abba wai horon namu rufe ido ne a ɗaki da namiji. Manyan Malam Numfashi suka zo nema masa aurena, Abba ko zama bai ba su ba. Ya rantse ko mutumin ya bar ƙungiyar ya fita harkata, ko ni in bar gudu har abada. Malam bai shawarce ni ba ya ajiye aikin.

Daga nan komai ya lalace. In durƙusa, in kira fuskar kamar yadda na saba, sai hawaye ya rufe min ido. Ga gasar zaɓen masu wakiltar ƙasa ta matso. Umma ce ta roƙi Abba ya bar Malam ya gyara ɓarnar kafin ya tafi. Abin da ya kai ni ofishinsa ranar ke nan.

"Ba zan iya ba... don Allah kar ka sa ni."

"Za ki iya, sanyin idona. Ban taɓa koyar da mai saurin ɗauka kamarki ba."

Da bakinsa ya koya min. In fuskar ta zo kar in yi kokawa da ita, in bar ta ta wuce, in mayar da hankali kan yatsuna a ƙasa da iskar da ke shiga hancina. Kullum haka, yana koya min, ni ina kuka, har Yaya ya riƙa kawar da kai.

Ranar gasar Malam ba ya nan. Na durƙusa, na ji yatsuna, na ji numfashina. Aka harba.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba.

Ana ihu, Umma na rungume da ni, na rufe ido don in gaya masa na ci, ko da a raina ne. Na kira fuskar... na sake kira.

Ya iya aikinsa. Ba ta zo ba.