Faifan Amarya

A wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata yarinya mai koyon saƙar faifai a wurin kakarta. Dokar kaka biyu ce. Duk launin kabar da za a sa, a fara ajiye guntunsa a jere a ƙasa, don a san yadda launuka suka bi juna. Kuma ba a yanke bakin kaba sai zagaye ya cika lafiya.

Ran nan yarinya tana saƙa faifan wata amarya, sai akuya ta tsinke. Ta bi ta, ta dawo, ta ci gaba da jar kaba inda baƙa ta kamata, ba ta ankara ba sai da zagaye ya cika. Ga masu karɓar faifan suna hanya.

Ta ɗauki wuƙa ta ce, "Kaka, in yanke haka? Wa zai lura?"

Kaka ta ce, "Ni na mutu ne, 'yar nema? Dubi jerinki."

Yarinya ta ajiye wuƙa. Ta bi guntaye da baya, ɗaya bayan ɗaya, ta warware har inda ta yanke na ƙarshe, ta sake saƙawa.

Kaka ta juya faifan, ta sake juyawa, ta miƙa mata wuƙa.

"To, kishiyata, yanzu yanke."